Sif ɗin da ya kifo a Agege, da yadda aka ɗaure shi ba tare da an taɓa tayil ba

Gidan yana Agege, a hawan ƙasa na wani bene, ɗaki biyu da falo, ko'ina an shimfiɗa tayil mai ƙyalli, irin mai santimita 60 a kowane gefe. Maigidan haifaffen Legas ne, yana harkar albasa a kasuwar Mile 12. Uwargida daga Kano aka kawo ta, kuma kamar yadda aka saba, mahaifinta ne ya yi mata kayan ɗaki: gado da madubi da sif mai ƙofa shida. A Kano aka yi sif ɗin, aka ɗauko shi a kwance cikin babbar mota, aka haɗa shi a gidansu na farko a Idi-Araba. Da suka tashi zuwa Agege aka sake kwance shi, wani kafintan ya sake haɗawa. Ni aikina gyaran cikin gida ne, kuma maƙwabcinsu ne, shi ya sa aka kira ni ranar da abin ya faru.

Da safe uwargida ta buɗe ƙofofi biyu na sashen da ke da madubi za ta ɗauki abaya, sai ta ji tukunya na tafasowa, ta fita ta bar su a buɗe. Ɗansu mai shekara huɗu ya kama mariƙin ƙofa ɗaya ya ɗage ƙafafu yana lilo. Sashen ya taho gaba ɗaya. Akwatunan lefe biyu da ke sama su suka fara sauka, sannan sif ɗin ya biyo baya, kansa ya daki gefen gado ya tsaya a nan. Yaron ya tsira a cikin ɗan sararin da ya rage tsakanin gado da ƙasa. Madubi ɗaya ya fashe ya yanke shi a damtse, aka yi masa ɗinki a wani asibiti na kusa. Allah ne ya tsare. Da gadon ya matsa da taku ɗaya, da wani labarin ake yi.

Abin da maigidan ya fara ce mini shi ne, “Malam, tayil ɗin nan ne. Santsi ya yi yawa. Ka zo da injinka a kafe ƙafar sif ɗin a ƙasa kowa ya huta.” Kusan duk wanda ya shigo jaje haka ya ce. Ban yarda ba tun a lokacin, amma ban yi gardama ba sai da na auna.

Abin da awo ya nuna

Sif ɗin sassa uku ne, kowanne mai ƙofa biyu, faɗinsa santimita 80, tsayinsa 230. Zurfinsa 45 kacal, alhali an fi yin sif na rataye kaya da zurfin 55 zuwa 60. An rage shi ne don kada ya cinye ɗaki. Kafintan Kano ya ɗaure sassan uku da juna da noti, ramukan suna nan. Wanda ya haɗa a Agege ya jera su kawai gefe da gefe, notin ko sun ɓace a hanya ko ya ga ba sai da su ba. Ke nan abin da ake gani kamar kaya guda mai nauyin da ba ya motsi, a gaskiya dogaye uku ne sirara, kowanne tsaye shi kaɗai.

Allon da aka yi aikin da shi MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, mai kaurin milimita 18. Cikakken allo ɗaya, ƙafa huɗu da takwas, yana kai kilo 40, don haka mutane suke ɗaukan sif ɗin MDF abu ne da ba ya faɗuwa. Sai dai inda nauyin ya taru ya fi yawansa muhimmanci. Bayan sif ɗin falle ne na milimita 3, ba shi da nauyin a zo a gani. Ƙofa kuwa kowace tana kusan kilo 12, ga gilashin madubi mai kaurin milimita 4, wanda murabba'in mita ɗaya nasa kilo 10 ne, ya ƙara mata kusan kilo 6. Ƙofofi biyu sun tashi kilo 36, duk a gaba. Gangar jikin sashen, da gefuna da kantoci, kusan kilo 55. Sannan gindin da sif ɗin ke zaune a kai an shigar da shi ciki da santimita 5 daga fuska, don ado da kuma don kada yatsun ƙafa su riƙa bugawa.

Da yake maigidan ɗan kasuwa ne, na ce masa ya ɗauki bakin gindin nan na gaba a matsayin tsakiyar sikeli mai hannu biyu. Duk abin da ke bayan wannan layi yana danne sif ɗin, duk abin da ke gabansa yana jawo shi, kuma ƙarfin kowanne shi ne nauyinsa sau nisansa daga layin. Gangar jiki kilo 55 a nisan santimita 17 ta ba da 935. Kayan da ke rataye a ciki, a ce kilo 20, sun ƙara 340. Ɗaya hannun kuma, ƙofofi biyu a buɗe, kilo 36 a nisan santimita 25, sun ba da 900. Tun yaro bai taɓa ba, saura kaɗan sikeli ya daidaita. Yaro mai kilo 15 rataye a mariƙi, santimita 40 daga layin, ya ƙara 600. Baya 1,275, gaba 1,500. Lissafi ne na kan gwiwa, ban sa lilon da yaron yake yi ba, wanda ke ƙara ƙarfin ja sosai. Maigidan ya duba takardar ya yi shiru, can ya ce, “To ina tayil a cikin wannan lissafin?”

Tayil yana da nasa laifin, amma ba ta inda ake zato ba. Na ɗora ma'aunin lebur a ƙasa, na ga daɓen ɗakin ya ɗan gangara daga bango zuwa ƙofa, wanda abu ne da ake yawan gani a gidajen haya. Na biyu kuma, gidan da ke da tayil kullum cikin gogewa da ruwa yake, kuma mofa bakin gindin sif na gaba take duka. MDF ba ya shiri da ruwa: ya sha, ya kumbura, ya bushe, ya riƙa marmashewa. A Kano iska takan busar da shi kafin ya yi nisa. A Legas, inda damina ke ɗaukan watanni kuma laima ba ta barin ɗakin ƙasa, gindin gaba ya ruɓe ya zauna. Duka-duka gaban ya yi ƙasa da baya da milimita 7. Amma tsayin sif ɗin ya ninka zurfin gindinsa kusan sau shida, sai milimita 7 na ƙasa suka zama santimita 4 a sama. Uwargida ta ce ta daɗe tana ganin ƙofofin suna buɗe kansu idan ba a danna su sosai ba. Wannan ita ce alamar farko da kowa zai iya gani ba tare da ma'auni ba: ƙofar sif da ke buɗe kanta tana faɗa maka sif ɗin ya sunkuyo.

Sai batun roba. Watanni kafin nan, maigidan ya lura sashen yana ɗan zamewa idan an fizgi ƙofa, sai ya yanka tsohon silifas ya cusa a ƙarƙashin kusurwoyi huɗu. Niyyarsa mai kyau ce, amma gyaran gangar Auzinawa ya zama. Dogon kaya idan aka ja shi daga sama, ko dai ya zame ko ya kife, wanda ya fi sauƙi shi zai faru. A kan tayil mai santsi zamewa ta fi sauƙi, kuma zamewa ba ta kashe kowa. Da aka sa roba ƙafa ta kama ƙasa, hanya ɗaya ta rage. Ga shi kuma robar silifas mai laushi ce, da nauyi ya koma gaba sai ta gaba ta lotsa, ta ƙara sunkuyon. Ba ina cewa kada a sa roba ba. Ina cewa roba ba tare da an ɗaure sama ba, ta fi rashin robar haɗari.

Wannan ba matsalar kafintocinmu kaɗai ba ce. A watan Yunin 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka, ciki har da samfurin MALM, bayan sun kife a kan ƙananan yara sun yi ajalinsu. A Disambar 2022 aka sa hannu kan dokar STURDY a can, kuma daga Satumbar 2023 sababbin kayan ajiye tufafi da tsayinsu ya kai inci 27 dole su tsallake gwajin kifewa da nauyin da ya kai na yaro mai kilo 27. Inci 27 bai kai santimita 70 ba. Namu sif ɗin ya ninka haka fiye da sau uku, kuma ba a taɓa gwada shi da komai ba.

Me ya sa ba a huda ƙasa ba

Na ƙi shawarar kafe gindi a ƙasa saboda dalilin da ya fi fashewar tayil girma. Idan ka riƙe sif daga sama, kana da tsayin santimita 230 yana taimakonka. Idan ka riƙe shi daga ƙafar baya, santimita 40 kawai gare ka. Jan da ƙarfe a sama zai tare da ƙarfin kilo 13, sukuru a ƙasa sai ya jure kilo 75 yana tumɓuko shi sama, daga cikin tayil da siririn simintin da ke ƙarƙashinsa, ta cikin gindin MDF da ya riga ya ruɓe. Bayan haka, da na ƙwanƙwasa tayil ɗin wurin da mariƙin sukundireba, biyu sun yi ƙarar ganga, alamar akwai rami a ƙarƙashi. Irin waɗannan suna tsagewa da zarar inji ya taɓa su, kuma samun tayil mai launi ɗaya da wanda aka shimfiɗa shekaru da suka wuce, ko a kasuwar Orile Coker, sai an yi sa'a.

An kawo wasu shawarwarin. Wani ya ce a tokare kan sif ɗin da silin, amma silin ɗin na fi-o-fi ne, wato farar filasta, ado ne, gwiwar hannu ma tana fasa shi. Wata ta ce a jera bulo a cikin ƙasan sif, wanda zai taimaka kaɗan a lissafi amma ya ƙara wa gindin da ya gaji kaya. Gam da silikon kuwa fenti suke kamawa, fenti kuma ɓarewa yake a bangon da ke shan laima.

Abin da ya rage shi ne a ɗaure kan sif ɗin da bango da ƙarfe, amma kafin a kai ga bango sai da aka sha kan mutum biyu. Uwargida ba ta so a huda sif ɗin. Ta ce, “Malam, kayan nan Baba ne ya yi mini, yanzu kuma ba shi da rai. A bar mini shi yadda yake, zan riƙa kulle ɗakin.” Na fahimce ta, kuma ban ga abin raini a maganar ba. Na nuna mata ramukan duka a allon sama za su kasance, inda ba mai gani sai ya hau tsani, na kuma ce mata, “Hajiya, kulle ɗaki sai kin tuna kullum. Ƙarfen nan ba ya mantuwa ko da tukunya na tafasa.” Mahaifiyarta da aka kira a waya daga Kano ita ta ƙarasa zancen, ta ce a huda ko ina ne.

Na biyu mai gidan haya, dattijo Bayarabe da ke zaune a saman benen. Takardar hayarsu, kamar yawancin na Legas, ta hana a sauya wani abu a ginin ba tare da rubutaccen izini ba, ga kuɗin da aka ajiye a hannunsa saboda ɓarna. Maigidan ya hau ya same shi da Yarbancinsa na ɗan Agege, ya gaishe shi yadda ake gaida babba, ya ce, “Baba, ba tayil za mu taɓa ba, bango ne, ramuka kamar kaurin fensir. Ranar da za mu tashi zan cike su in yi fenti.” Da Baba ya ji ba za a taɓa masa tayil ba, ya kuma ga hannun yaron a naɗe, bai ja ba. Na ce a rubuta amincewar ko da a saƙon WhatsApp ne, saboda ranar tashi da ejan za a yi lissafi, ba da Baba ba. A kwanakin da ake wannan, an cire ƙofofin sauran sassan an jingine su a kwance, an sauke duk abin da ke sama.

Aikin

Daga ƙasa aka fara, domin ɗaure sif ɗin da ya sunkuyo kamar yadda yake yana nufin ƙarfen zai riƙa ɗaukan kaya dare da rana har ya sassauta. An cire gindin MDF gaba ɗaya. Kafinta ya sayo katakon maɗaci busasshe daga kasuwar katako ta Mushin, ya yi sabon gindi guda ɗaya mai tsawon sassan uku, ya fito da shi har fuskar sif ɗin, wanda shi kaɗai ya mayar da layin sikelin nan gaba da santimita 5. Aka shafe shi da fentin mai har ƙarƙashi. A ƙasansa aka sa ƙafafun roba mai tauri masu murɗawa, aka daidaita su da lebur har sif ɗin ya miƙe, sannan aka ƙara wa na gaba rabin murɗi don ya ɗan kwanta baya. Kada a wuce haka, in ba haka ba ƙofofi su karkace. Ƙafafun sun kuma ɗaga katakon daga ruwan mofa. Sannan aka mayar da notin da ke haɗa sassan, uku a kowace mahaɗa, sama da tsakiya da ƙasa.

Bangon da ke baya bulo ne na inci shida mai rami, irin wanda ake raba ɗakuna da shi. Kafin a huda sai da aka duba abin da ke ciki. Akwai soket a bayan sashen tsakiya, kuma bututun waya yakan miƙe ne daga soket zuwa sama, don haka muka ja layi muka bar tazarar tafin hannu biyu hagu da dama. Muka zagaya muka tabbatar ɗaya gefen ɗakin yara ne, ba banɗaki ba, babu fayif ɗin ruwa. Aka kashe wuta daga babban makunni har da na janareto. Kada kowa ya dogara da cewa an ɗauke wuta, ana iya kawo ta inji na cikin bango.

Kafintan ya so ya yi abin da ya saba: ya huda, ya buga guntun katako a ramin, ya ɗaura sukuru a ciki, ko ya buga ƙusar kankare. Na ce, “Oga, ba a wannan aikin ba.” Katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu har ya zare, ƙusa kuma tana jure nauyin da ke jan ta ƙasa, kamar na hoto, amma ba ta jure wanda ke zaro ta waje, kuma irin jan da sif ke yi ke nan. Muka yi amfani da fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, mai milimita 8, irin wadda ke dunƙulewa a bayan fatar bulo idan ta faɗa rami, da sukuru mai tsawon da ya zarce fishar. Aka huda ba tare da an kunna bugun injin ba, domin fatar bulo ba ta wuce santimita 3 ba, bugu yana fasa ta daga ciki ya bar maka filasta kawai.

Wurare biyu bulon ya zube kamar gari, irin wanda aka yi wa rowar siminti. A nan babu fishar da za ta kama. Aka faɗaɗa ramin, aka cusa takarda ta tare ƙasa, aka cika da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, aka bar shi mako guda ana yayyafa masa ruwa, sannan aka huda. Maigidan ya ƙosa da jiran. Na gwammace ƙosawarsa da ƙarfen da ke riƙe da gari.

Ƙarafan masu kusurwa ne, masu kauri, biyu a kowane sashe. Hannu ɗaya a bango, ɗayan kwance a kan allon sama, kusa da gefuna inda sif ya fi ƙarfi. Ba a taɓa fallen baya ba, wanda ƙananan ƙusoshi ne ke riƙe da shi, kuma kuskuren da na fi gani ke nan a gidaje: a ɗaure fallen da bango, sif ya faɗi ya bar bayansa a manne. Ba a kuma ɗaura sukuru a cikin MDF ba, an huda allon an zura noti ya fita ta ciki, da zoben ƙarfe mai faɗi (wasa) a ƙarƙashi. Sannan aka ƙara ƙananan ƙarafa a ciki masu haɗa allon sama da gefuna, saboda sif ɗin da aka kwance sau biyu ramukan sukurunsa sun buɗe. Aka bar tazarar santimita 2 tsakaninsa da bango, wadda tayil ɗin gindin bango ya riga ya tilasta, kuma tana da amfani don iska ta ratsa kada kaya su yi fumfuna.

Gwajin an yi shi sif ɗin babu kaya, ƙofofi shida a buɗe, wato a yanayinsa mafi rauni, yara suna waje. Maigidan ya kama bakin sama ya saki nauyinsa a hankali, ni ina kan tsani ina kallon ƙarafan. Babu wanda ya motsa. Duk kayan ƙarfen da fishar da notin ba su kai kuɗin madubin da aka sake yankowa ba, shi ma an manna masa leda a baya don ko ya fashe kada ya tarwatse.

Bayan damina na koma na duba. Noti biyu sun ɗan sassauta saboda allon ya sha laima ya bushe, aka ƙara musu murɗi. Ƙafa ɗaya ta gaba ta bukaci a ɗaga ta kaɗan. Maganar da ta rage ita ce ta akwatunan lefe: uwargida ba ta da wani wurin ajiye su, ni kuma na ce ƙarfe yana riƙe sif ne, ba ya riƙe abin da aka ɗora a kansa. Aka tsaya a kan cewa atamfofi da lesuka su koma kantar ƙasa, akwatunan su hau sama babu komai a ciki, kafinta ya buga musu ɗan katako a bakin gaba don kada su zamo. Kwalin biskit ɗin da take ɓoye wa yara a can sama, wanda yaron ya san da shi, ya koma kicin.